Yayen Siddiƙa

Man gyaɗa ya fara tsattsafowa a gefen turmi ke nan Bahijja ta ji gaban rigarta ya jiƙe. Ba gumi ba ne. Ta saki muciya, ta juya wa ƙofa baya, ta ja ɗankwali ta ɗaure ƙirjinta tamau har numfashi ya nemi gagarar ta. Nono dai ba ya jin magana. An gaya masa an yaye yarinya, amma kullum hantsi ya yi sai ya kawo, kamar mai abincin sayarwa da ba ta sami labarin kasuwa ta tashi ba.

Munawwara, matar da Bahijja ke yi wa aikin mai da ƙuli-ƙuli, ta ɗago kai daga bakin kasko ta dube ta.

"Har yanzu bai ƙafe ba?"

"Ya kusa, Anti."

"Haka kika ce wancan makon. Ita kuma mai shan fa? Mako guda aka ce za ta yi, ga shi wata ya mutu wani ya tsaya. Ko a can za su aurar da ita?"

Bahijja ta yi murmushin da bai wuce leɓe ba, ta koma kan turminta. Amsa tana da ita, bakin faɗa ne ba ta da shi, domin maganar 'yar fari ce, kuma a gidan da ta fito uwa ba ta bakin magana a kan 'yar fari.

Shekararta ashirin, amma ta riga ta yi aure, ta haihu, ta yi takaba. Mijinta Ashiru, wanda ita ta gani ta ce tana so, ɗan acaɓa ne, kuma a kan babur ɗin nan ajalinsa ya same shi a hanyar Rogo, lokacin da 'yarsu ke koyon zama. Sunan yarinyar A'isha, sunan mahaifiyarsa, shi ya sa ake sakayawa a ce Siddiƙa. Da Bahijja ta fita takaba sai ta tattaro 'yan komatsanta da goyonta ta dawo ɗakin mahaifinta a Bayan Tasha, cikin Karaye.

Wanda bai san Bayan Tasha ba, hancinsa zai nuna masa hanya. Gidajen haya ne jere a bakin kwata, ɗaki a manne da ɗaki, in maƙwabci ya yi atishawa kai ne za ka ce masa yarhamukallahu. A gidan su Bahijja iyali bakwai ke raba banɗaki ɗaya da igiyar shanya ɗaya, kuma rigimar igiyar ta fi ta banɗakin zafi. Mahaifinta, Sulle, tsohon ɗan kamasho ne da muryarsa ta dushe aka daina yayinsa a tasha. Mutum ne mai fara'a, ba ya zagi ba ya duka, sai dai duk abin da ba a kafa da ƙusa ba a ɗakin nan yana iya wayar gari a kasuwa. Ya sayar da langar Bahijja, ya sayar da buta, ya taɓa sayar da murfin tukunya ya bar tukunyar. Ƙanenta Bilya kuwa tun da ya faɗa shaye-shaye ya zama baƙo a gidan, sai ya shigo ido jawur ya miƙe a dokin ƙofa, a riƙa tsallaka shi kamar itace. Mahaifiyarsu, Dije, ta gaji tun da daɗewa. Saki na uku ya raba ta da Sulle, ta koma Rogo tana tuyar awara a bakin tasha.

A cikin wannan hayaniya Bahijja ta yi renon 'yarta, kuma duk unguwar ta shaida ta yi reno. Ba a taɓa ganin Siddiƙa da majina a fuska ba. Rigunanta biyu ne, amma kullum ɗaya na jiki ɗaya na igiya. Ranar riga-kafi Bahijja ce a gaban layi. Idan matan gidan suka ce yarinyar nan ta yi kumatu kamar 'yar masu kuɗi, sai uwar ta kau da kai ta ce ita ba ta lura ba, alhali a zuci ji take kamar ta hau kan katanga ta yi guɗa.

Sunan yarinyar ne ba ta faɗa a gaban mutane. 'Yan matan yanzu da yawa sun watsar da wannan kunya, za ka ga mace ta ɗaga ɗan farinta tana sumbata a tsakiyar biki. Amma dangin Bahijja na Kurugu da dangin mijinta na Jajaye duka mutanen da ne. A wurinsu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a idon jama'a, ko faɗuwa ya yi sai dai wani ya ɗaga shi. Don haka a tsakar gida Siddiƙa "'yar nan" ce, ko "waccan". Sai sun shiga ɗaki, daga ita sai ita, Bahijja ke kafa baki a kunnen yarinyar tana ta kiran sunan tana maimaitawa, yarinyar na ƙyalƙyala dariya saboda cakulkulin numfashi.

Da lokacin yaye ya yi, kakar yarinyar, wadda kowa ke kira Iya, ta zo da kanta daga Jajaye. Ta kawo rubutun yaye a kwalba da fura a ƙwarya, ta goya jikarta ta ce mako guda za ta yi ta manta da nono a dawo da ita. Haka al'ada take, ba wanda ya ga abin magana. Sai dai a ranar, Iya na tsaye a tsakar gida, Siddiƙa ta fito daga ɗaki tana wasa da wata 'yar kwalbar kayan mayen Bilya. Iya ta karɓe kwalbar, ta shinshina, ta jefa a kwata. Ba ta ce komai ba, kuma shirun nan ne ya hana Bahijja sukuni tun daga ranar.

Ta sha jinin jikinta, shi ya sa ba ta zauna jira ba. A bayan gidan Munawwara akwai wani ɗan ɗaki da ake tara ɓawon gyaɗa. Bahijja ta roƙa a ba ta shi a bakin aikin da take yi. Ita ta kwashe ɓawon, ita ta toshe ramukan ɓera da fasassun kwalabe da laka, ta yi daɓe da hannunta har tafinta ya yi kanta. Ta rataya gidan sauron da aka ba ta a asibiti. Ɗakin bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, amma yana da ƙyaure, ƙyauren yana da kwaɗo, makullin kuma yana ɗaure a bakin zaninta.

Da azahar ɗin ranar da rigarta ta jiƙe, ta wanke hannu ta nufi wurin mahaifinta. Ta same shi a inuwar mai shayi, ya sa sabuwar hula.

"Baba, sannu da hutawa."

"A'a, mutanen masana'anta! Sannu da aiki. An taho mana da ƙulin kuwa?"

Ta miƙa masa ƙullin da ta zo da shi, ta durƙusa gefe. "Baba, dama maganar 'yar nan ce. Na ga an kwana biyu. Na ce ko za ka leƙa Jajaye ka ji."

Sulle ya gyara zaman hularsa. "Ai na ji. Sun aiko."

"Sun aiko? Yaushe?"

"An ɗan jima. Da buhun masara ma aka zo, mutanen kirki. Suka ce a bar musu yarinya su riƙe, jininsu ce, can ga madara ga sarari. Na ce ai ba komai, duk ɗaya ne."

Bahijja ta dubi hular, ta gane inda masarar ta tafi.

"Baba, ba ka gaya mini ba."

"To me zan gaya miki? Ke da ko sunanta ba kya faɗa? Sauƙi aka yi miki. Yarinya ce ke, gobe wani zai fito, ba kya shiga gidan miji da agola ba." Ya ɓare ƙullin ya jefa ƙuli a baki. "Wannan ya ji gishiri."

Ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta yi masa sallama yadda ya kamata, ta koma ta ƙarasa matsar tunkuzarta, kuma Munawwara ta ce ba ta taɓa ganin an fitar da mai daga gyaɗa kamar na ranar ba.

Washegari da sassafe ta shiga motar Rogo. Tunda uba ya sayar da bakinsa, saura na uwa. Irin wannan magana manya ke yin ta. Kaka ce ke zuwa wurin kaka su yi wasa da dariya, a cikin wasan a ce mun zo ɗaukar amaryarmu, a ba su. Uwar yarinya ba ta zuwa roƙon 'yarta ta fari, yin haka tonon silili ne.

Ta sami Dije a bakin tasha, hayaƙi ya rufe ta, tana juya awara da matsami. Mace ce siririya mai kaifin baki, wadda wahala ta tsofar kafin lokaci. Bahijja ba ta taɓa ce mata Inna ba. Yaya take ce mata, domin ita ma 'yar fari ce, an kai ta yaye wurin gwaggonta a Kurugu ba a dawo da ita ba sai da ta isa ɗaukar tiren talla. Da ta dawo ta tarar da wata mata a ɗakin babanta, aka ce mata wannan ce ta haife ki.

"Yaya, ina kwana."

"Lafiya lau. Ke ce da sassafen nan? Wani abin ya sake sayarwa?"

"Wannan karon 'yar nan ce."

Ta ba ta labari. Dije ta saurara, hannunta bai daina aiki ba, ta sallami masu saye biyu a tsakani.

"To yanzu me kike so in yi?"

"Ki raka ni. Ki yi musu magana."

"In bar kaskona a kan wuta in je in yi wa mutanen ƙauye rashin kunya? Su ce dama ga irin gidan da ta fito?" Ta tsame awara ta zuba a kwando. "Ke, saurara. Ba kanki farau ba. Ni da aka ɗauke mini tawa, wa na kai ƙara? Na ɗaure ƙirjina na yi shiru, ga ki nan kin girma, me ya same ki?"

"Babu abin da ya same ni, Yaya. Sai dai kullum aka yi sallama a gidan Gwaggo nakan fito da gudu in ga ko an zo ɗaukata."

Matsamin ya tsaya a cikin mai. Dije ba ta ɗago ba.

"Kunya ce," in ji ta can. "Ba ƙi ba ne."

"Na sani yanzu. A lokacin ban sani ba."

Dije ta ƙulla awara mai zafi a leda ta tura mata ba tare da ta dube ta ba. "Ki ci a hanya. Ni ba inda za ni."

Bahijja ta hau acaɓa zuwa Jajaye ita kaɗai. Kaka ta yi, gonaki dama da hagu an tuge gyaɗa an kifa ta tana shan rana, dawa ta sunkuyar da kai. Tun rasuwar Ashiru ba ta taɓa hawa babur ba tare da fargaba ba, amma ranar ba ta ma tuna ba. Tana ta shirya maganar da za ta faɗa, tana rushewa.

Gidan Iya a Jajaye gida ne na manoma, mai faɗi, da rumbuna uku da turken awaki. Ta tarar an baza harawa a tsakar gida, mata sun fi goma sun kewaye ta suna tsinkar gyaɗa, facalolin Iya da surukansu da maƙwabta. Aka karɓe ta da murna. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi Karaye da mutanen Karaye, aka sake yi mata ta'aziyya kamar jiya aka yi rasuwar. Iya ta sa aka dama mata fura da nono mai kauri.

Sai ga Siddiƙa ta fito daga bayan rumbu tana jan kunnen ɗan akuya.

Gaskiya ita ce yarinyar ta yi kyau. Ta ƙara ƙiba, an yi mata kitso ƙanana, an sa mata kwalli da sabuwar riga da 'yan takalman roba ja. Bahijja ta so a ce ta same ta a rame don ta sami abin kamawa, ta kuma ji kunyar wannan tunani. Yarinyar ta tsaya ta ƙura mata ido. Sannan ta tura baki, irin fushin da yayayyen yaro ke yi da uwarsa, ta ruga ta ɓoye fuska a cinyar Iya.

Matan suka kwashe da dariya.

"Kin gani ko, ta manta da ke!"

"Ai ta zama tamu. Mutanen birni sai haƙuri."

Bahijja ta sunkuyar da kai kamar yadda ake so, ta jawo harawa gabanta ta shiga tsinka. Ƙirjinta ya cika ya yi tauri har cikin hammata take jin zafin. Ba ta dubi inda yarinyar take ba, amma ta san duk inda ta taka.

"Lafiya dai kika taho?" Iya ta tambaya.

Ga ƙofa an buɗe mata. Maganar da ta shirya tun daga Rogo ta zo har maƙogwaro, ta dubi fuskokin dattawan matan nan, sai ta ji bakinta ya ce, "Lafiya lau, Iya. Na zo gaishe ku ne."

"Madalla. Allah ya yi albarka."

Haka ta wuni. Ta tsinki gyaɗa har ta fi kowa tari, aka yi ta yaba mata, ana cewa yarinyar nan akwai kunya akwai aiki, marigayi ya iya zaɓe. Kowane yabo sai ta ji kamar an ƙara ɗaure mata baki. Aka yi azahar, aka ci dambu, aka yi la'asar. Inuwar rumbu ta miƙe har bakin turke. Iya ta tashi ta auno mata gyaɗa a buhun leda, ta haɗa da kuɓewa busasshiya da ɗan man shanu.

"Gara ki kama hanya kada ki rasa mota a Rogo. Ki gaida mutanen gida."

Bahijja ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya. Ta yi sallama da matan ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗora kayan a ka, Iya na biye da ita don rakiya, har suka kai bakin zaure. Babu wanda ya yi mata gori, babu wanda ya hana ta komai. Da ladabi da tsaraba ake fitar da ita daga rayuwar 'yarta, kuma ita ce ke taka ƙafar da kanta.

A bakin zauren ta ji motsin makulli a gefen zaninta. Ta tsaya. Ta tuna wata yarinya a Kurugu da ke fitowa da gudu duk lokacin da aka yi sallama.

Ta sauke kayan a ƙasa, ta juya ta fuskanci tsakar gida.

"Siddiƙa!"

Muryar ta fita da ƙarfin da ita kanta ba ta zata ba, har kaji suka watse. Hannuwan matan suka tsaya cak a cikin harawa. Wata tsohuwa ta dafe ƙirji ta yi salati.

Yarinyar na tsugune a gindin turmi tana cusa gyaɗa a takalminta. Ta ɗago kai. Wannan suna a wannan murya ba na tsakar gida ba ne, na cikin ɗaki ne, na kunne.

"Siddiƙa, zo. Zo mu tafi gida."

Yarinyar ta miƙe, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Ta yi taku biyu tana tura baki don a san har yanzu fushi take, sannan fushin ya gagare ta, ta ruga da gudun 'yan yaye, tana tangaɗi, ta faɗa jikin uwarta ta fashe da kuka. Bahijja ta ɗaga ta sama a gaban kowa, ta rungume, ta sumbaci kitson da ba ita ta yi ba.

"Ikon Allah," wata ta ce. "Yau mun ga zamani."

"A gaban surukarta! Kuma mai sunan surukar!"

Iya ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi Bahijja daga sama har ƙasa. "Ashe ba ki da kunya?"

Bahijja ta durƙusa har ƙasa, yarinyar na maƙale a wuyanta. "Ina da ita, Iya. Ita ce ta zaunar da ni tun safe. In na biye mata, ita za ta raka ni har Karaye hannu wofi."

"Mahaifinki ya ba mu."

"Baba bai yi naƙudarta ba."

Iya ta gyara tsayuwa. "Ni na ga gidan nan da idona. Na ga abin da ta fito da shi a hannu. Can kike so ki mayar mini da jika?"

"Abin da kika gani gaskiya ne, ban musa ba. Amma na bar gidan." Ta kwance makullin daga bakin zani ta ɗaga. "Na kama ɗaki a gidan da nake aiki, gidan matar aure ne mai mutunci. Ni na yi daɓensa. Ba shi da girma, Iya, bai kai rumbunki ɗaya ba. Amma ba mai shiga sai na buɗe. Furarki ta fi tawa kauri, wannan ban isa in yi gasa da ke ba. Abin da na sani shi ne tun da aka haife ta ba ta taɓa kwana da yunwa ba, kuma da hannun nan na ciyar da ita."

Ta buɗe tafinta. Duk matan da ke wurin sun san irin aikin da ke yi wa hannu haka.

Iya ta kau da kai wajen turken awaki. Da ta sake magana, muryarta ta sauka. "Ita kaɗai marigayi ya bar mini."

"Ni ma ita kaɗai ya bar mini, Iya."

Ashiru shi ne ɗan Iya na fari. Bahijja ta zauna da ita a gidan nan, ba ta taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai "yaron nan", bayan rasuwa kuma "marigayi".

"Ranar da aka shigo da shi a makara," in ji Iya, kamar da kanta take magana, "na so in kira shi. Sau ɗaya tak. Gida cike da mutane, bakina ya ƙi."

Ta share ido da gefen mayafi, ta juya ta shiga ɗaki. Matan suka dubi juna. Can sai ga ta ta fito da 'yan kayan yarinyar a ƙulle da kuma majanyi. Ta ɗauki Siddiƙa da kanta ta ɗora a bayan uwarta, ta ɗaure majanyin da ƙarfi irin ɗaurin tsofaffi.

"Ranar kasuwar Karaye ina nan tafe," ta ce. "Zan ga ɗakin nan da ake yi mana fahari da shi. In na ga abin da bai gamshe ni ba, ba buhu zan aiko ba, da ƙafata zan zo."

"Ki zo, Iya. Ki kwana ma. Akwai wurin tabarma biyu."

"Ji ta da baki," in ji Iya, ta ɗora mata buhun gyaɗar a ka.

Rana ta yi ja lokacin da suka sauka a tashar Rogo. Dije ta riga ta kashe wuta, ta wanke kasko, amma tana zaune a kan bencinta, ita da kullum kafin la'asar sakaliya ta tafi gida. Ta hango goyon tun daga nesa. Ba ta tashi ba, ba ta yi murmushi ba.

"Sun ba ki ke nan."

"Na karɓo, Yaya."

"Me kika ce musu?"

"Kiranta na yi."

"A gabansu?"

"A gabansu."

Dije ta girgiza kai. "Kin zubar mana da mutunci a Jajaye." Ta miƙa hannu ta gyara wa yarinyar wuya, domin barci ya karkatar da kanta, hannun ya ɗan daɗe a kan kitson. Sannan ta ɗauko ledar awarar da ta ajiye a gefe, wadda ba ta sayar ba, ta cusa cikin kayan Bahijja. "Tashi, ga motar ƙarshe can tana lodi."

Bahijja ta nufi motar, kaya a ka, goyo a baya, tana takawa a hankali cikin 'yan kamasho da masu rake, kanta a miƙe. Yaron mota na ta ƙwala Karaye, Karaye, saura mutum ɗaya. Ta sa ƙafa za ta shiga ke nan ta ji an kira wata Bahijja daga baya. Ba ta waiga ba, ta ɗauka wata ce mai irin sunanta, domin ba ta san sunan a cikin wannan murya ba.

"Bahijja!"

Ta juya. Dije ce tsaye a tsakiyar tasha, mayafi ya zame mata, ta ɗaga ɗan jan takalmi sama. Mutane na kallonta, ita kuma ta haɗe fuska kamar wadda aka tilasta.

"Takalmin 'yarki ya faɗi," ta ce. "Sai kin sa na yi ta ihu a cikin mutane?"

Bahijja ta taka ta koma, ba ta yi sauri ba. Direba na ta danna oda, ta ƙyale shi ya danna.